Abin da Ban Kai Zumunta Ba

Zuwa ga 'yata Alheri,

Salama a gare ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki kin sauka Minna lafiya, kin sami ɗaki da gado, kin sa wani abu mai ɗumi a cikinki. Ya tsare ki daga mugun ji da mugun gani, daga direba mai gaggawa da abokin zama mai mugun hali. Babanki yana gaishe ki. Ƙannenki ma suna gaisuwa, ko da yake tun ba ki fita ba suka fara faɗa a kan wanda zai gaji katifarki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin garin kunu, alhali gida ɗaya muka kwana. Na so in zaunar da ke in yi miki magana baki da baki, sai babanki ya ce, "Maman Alheri, in kika fara, motar Minna za ta je ta dawo ba ki kai amin ba." Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Ga kuma muryar nan tawa. Macen da ta yi shekara da shekaru tana magana a kan injin markaɗe, ai ko raɗa ta yi sai an ji a tsallaken titi. Shi ya sa yau da rana na kashe inji, na ce wa masu kawo wake su dawo da yamma, na share ɓarɓashin katako daga bencin babanki na zauna ina rubutu.

Ba labarin gari zan ba ki ba, kin fi ni sani. Abu ɗaya ya sa na ɗauki biro. Akwai shekarun da kina cikin gidan nan, muna sa hannu a kwano ɗaya, amma ba abin da nake ji daga bakinki sai "ina kwana" da "na dawo". Ni na jawo, kin sani, na sani. Allah cikin alherinsa ya dawo mini da bakinki, kuma yanzu da za ki yi nisa ba na so in sake rasa shi. To bari in bi da ke ta hanyar da na biyo. Ki yi dariya inda abin dariya yake, ki ɗauki abin ɗauka.

Kin tuna sa'ad da kika shiga sakandare, kika ce kin girma, ke kaɗai za ki riƙa zuwa kasuwa sayo mana kayan miya? Na ce to. Har na ɗora miki hannu a ka na ce, "Ubangiji, na ba ka ita, ka kai ta ka dawo da ita." Kina shan kwana na bi bayanki. Kuma ranar Alhamis ce, na dawo ke nan daga taron zumuntar mata, ban ko canza kaya ba. Dubi wautar uwarki! Wai zan yi leƙen asiri, ga ni cikin zanen zumunta ja wur, da farar riga, da ɗankwali a tsaye. Duk Kontagora ba wanda bai san kayan nan ba.

Na laɓe bayan tulin doya ina leƙen ki. Sai mai doyar ya ɗaga murya, "A'a, Maman Alheri! Yau da kanki? Ga 'yarki can wajen masu tattasai, in kira miki ita?" Kafin in ce ya rufa mini asiri, kin waiwayo. Kika tako a hankali, kika ɗan rusuna, kika ce, "Mama, tunda kin zo, riƙe mini ledar nan." Haka na bi ki a baya ina ɗauke da kaya, ke kina ciniki. Har gyaran da aka yi miki ya fi wanda ake yi mini.

Ga abin da za ki ɗauka a nan. Kada ki ce wa mutum e da baki, ƙafafunki suna cewa a'a. In kin yarda, ki yarda gaba ɗaya, in ba ki yarda ba, ki faɗa a fili a san inda aka tsaya. Haka ma da Allah. Ni na ce na ba shi ke, sa'an nan na bi shi a baya in ga ko zai iya aikin. Ranar ban gane haka ba, dariya kawai aka yi mini a gida, na yi fushi na ƙi cin tuwo.

Na biyun ba abin dariya ba ne a lokacin, ko da yake yanzu mukan yi. Kin kai 'yan mata, kina cikin mawaƙan coci, a sahun gaba, in kika ɗaga murya har gashin jikina yakan tashi. Wata rana muna tsintar wake a tsakar gida, kika yi ta juya ƙwaya ɗaya a hannu. Can kika ce, "Mama, in gaya miki wani abu? Amma kada ki gaya wa kowa." Na ce, "Haba, ni?" Kika ce yaron nan mai kaɗa jita ya ce yana son ki, ke kuma ba ki san abin da za ki yi da zuciyarki ba. Iyakar abin ke nan. Ba abin da kuka yi, ko rakiya bai taɓa yi miki ba.

Wayyo, Alheri, tsoro ya kama ni. A fuska na yi murmushi, amma a cikina na riga na ga makarantarki ta watse, na ga dattawan ikilisiya sun kira mu, na ga komai. Kin san yadda muke yi ranar Alhamis: in an gama waƙa da karatu, Uwar Zumunta takan ce, "Akwai mai roƙon addu'a?" Kowa ta kawo nata, in abin na sirri ne sai ta ce ba za ta faɗi suna ba. Sai na miƙe. Na ce, "'Yan'uwa, ku taya ni addu'a saboda wata yarinya. Ba zan faɗi suna ba. Tana waƙa a sahun gaba, tana da 'yar wushirya, Shaiɗan kuma ya aiko mata da mai jita."

Wai ban faɗi suna ba! Mai wushirya nawa ce a sahun gaba? Jita nawa gare mu a cocin? Mata kuwa suka duƙufa, aka yi addu'a har kwanon rufi yana amsawa. Maman Bitrus, ƙawata, ta ce ita har azumi za ta ƙara. Na dawo gida zuciyata wasai, ina jin na yi aikin Ubangiji.

Ranar Lahadi kika ga sakamako. Kowace tsohuwa sai ta riƙe hannunki a ƙofar coci ta ce, "Muna yi miki addu'a, 'yata," tana yi miki wani irin kallo. Aka karɓe jitar daga hannun yaron, aka mai da shi jera benci. Uwarsa ta daina kawo mini markaɗe, tana wuce ni ta tafi har bayan tasha. Ke kuma kika koma sahun baya, daga nan kika bar waƙar ɗungum. A gida ba ki yi ihu ba, da ma kin yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai kika yi, "Mama, ke na gaya wa." Na ce, "Ai wurin Allah na kai." Kika ce, "A ɗakinki ba ya ji ne, sai a gaban mata?" Sai na ce ba ki da kunya.

Ki ji ni da kyau a nan, don aikin da za ki koya aikin sirrin mata ne. Ba duk abin da aka kira roƙon addu'a ne addu'a ba. Wani tsoro ne yake neman 'yan rakiya, wani kuma gulma ce ta ɗaura ɗankwali ta zo coci. Nawa na ranar nan tsoro ne, amma ɓarnar da ya yi ba ta bambanta da ta gulma ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada kuma ki ɗauka ina kushe zumunta. Matan nan su suka riƙe gidan nan lokacin da na kwanta bayan haihuwar autanmu, su suka yi girki, su suka tayar da injin. Nauyinki na kanki, ki kai wa 'yan'uwa, za su ɗauka tare da ke da murna. Amma nauyin wani, in ya ba ki a ɓoye, sai kin tambaye shi kafin ki kwance shi a gaban jama'a. In bai yarda ba, ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa, Allah yana ji a can.

Batun samari kuwa, tunda mun zo wurin, abin da ya kamata in gaya miki ranar nan bari in gaya miki yau. Don wani ya ce yana son ki, ko zuciyarki ta motsa, ba zunubi kika yi ba. Ni ma ai ba daga sama babanki ya faɗo mini ba. Ki dai duba mutum da rana tsaka: yadda yake yi wa uwarsa magana, yadda yake yi in an ɓata masa rai, da ko yana jin kunyar a gan ku tare. Wanda ya ce kada kowa ya sani, ki bar shi da sirrinsa. Kada kuma ki bar kowa ya sa ki gaggawa.

To, daga ranar nan kika rufe baki. Ni kuma, maimakon in sassauta, sai na ƙara ɗaurewa. Ina za ki, wa ya kira ki, me ya sa kika daɗe. Ina ta cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk tambayar da na yi, amsa ɗaya ce: "Ba komai, Mama." Kalmar nan ta ci mini rai fiye da zagi.

Ana nan sai dogon hutu ya zo, aka aiko cewa Kaka, mahaifiyata, ƙafafu sun hana ta sakat a ƙauyenmu can bayan Rijau, ga gero ya isa yanka, ba mai dafa wa 'yan aiki. Kika ce za ki je ki zauna da ita. Kuma ba ni kika tambaya ba, babanki kika tambaya. Ya ce ki tafi. Na same shi a shago yana goge katako, na sauke masa kwandon magana. Na ce bai ji abin da ake faɗa game da hanyoyin nan ba ne? Yarinya budurwa ita kaɗai a mota, sa'an nan a bayan mashin cikin daji, ƙauyen da waya ba ta shiga sai an hau dutse?

Ya bar ni na gama, kin san halinsa. Sa'an nan ya hure ƙurar katakon ya ce, "Wanda yake tsaron ta a Kontagora, an hana shi shiga Rijau ne?"

Na ce, "Ai a nan ina nan!"

Ya ce, "Au, ashe ke ce."

Ya ci gaba da aikinsa. Kai, mutumin nan! Magana ba ta fi cikin cokali ba, amma na yi kwanaki ina jin ta a ƙirji.

Kika tafi. Tsorona ba na ƙarya ba ne, hanya ba ta da daɗi a shekarun nan, kuma har gobe ba zan ce miki ki yi wasa da ita ba. Amma ba abin da zan iya. Ba kasuwar da zan bi ki, ba wayar da zan kira. Zumunta ma na ji nauyin kai sunanki, don na ga abin da ya biyo bayan na farko. Sai ya rage daga ni sai Allah. Kowace safiya kafin in tayar da inji nakan durƙusa, kuma da fari ba addu'a nake yi ba, umarni nake bayarwa. Ka sa ta yi kaza, kada ka bar ta ta je rafi, ka tuna ba ta jure sauro. Sai ka ce sabuwar 'yar aiki nake koya wa riƙon gida. Da na gaji, umarnin ya ƙare, wata safiya na ji bakina ya ce, "Ubangiji, taka ce. Ka san ta tun ban san ina da cikinta ba. Ni riƙo ka ba ni." Na yi kuka sosai. Da na tashi sai na ji yunwa, na ci ɗumame har da ƙari.

Ki riƙe wannan, don wata rana ke ma za ki so wani abu har tsoro ya hana ki numfashi. Dogara ga Allah ba wai tsoro ya tafi ba ne. Ki yi abin da yake hannunki, ki yi shi da kyau, sauran ki bar wa mai shi. In kin ga addu'arki ta zama koyar da Allah aikinsa, ki yi shiru kaɗan.

Kika dawo lafiya, kin yi baƙi, kin yi ƙarfi, yarenmu na Dukanci da dā muke yi miki dariya a kansa ya miƙe sarai a bakinki. Na rungume ki na ce, "Ya Kaka? Ya ƙauye? Me da me ya faru?" Kika ce, "Lafiya lau. Ba komai, Mama."

Bayan an koma makaranta, wata rana ina tsakiyar markaɗa tattasai, sai ga wata dattijuwar Bafulatana da ƙwarya a ka, ta tsaya tana duba gidan. Na rage inji. Ta ce, "Nan ne gidan mai inji kusa da coci? Gidan su Alheri?" Na ce a raina, me kuma ya faru. Ta ce sunanta Inna Dije, rugarsu tana gefen gonar Kaka, sun kawo shanu kasuwa ita da ɗanta, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga uwar da ta haife ki. Na ba ta tabarma da ruwa. Ta sauke ƙwaryar, man shanu ne cike, da ƙwan zabi a gefe.

Daga bakinta na ji komai. Wai da rana tsaka naƙuda ta kama surukarta, maza sun fita da shanu, mutanen ƙauye duk suna gona. Ta rugo wurin Kaka, don kin san ita ce tsohuwar ungozomar wajen, rabin 'ya'yan rugar nan a hannunta suka faɗo. Kaka kuwa ba ƙafa. Sai kika jawo baron da ake kwasar gero, kika shimfiɗa zane, kika ɗora uwata a ciki, kika tura ta ta cikin kunyoyin gona tana yi miki faɗa ki bi a hankali. Inna Dije tana faɗa tana dariya har da hawaye. Da kuka isa, hannun Kaka yana rawa saboda tsufa, ta ce miki, "Yau ke ce hannuna." Tana faɗa kina yi, har 'ya mace ta faɗo tana tsala kuka. Da jini ya ƙi tsayawa, Kaka ta ce wannan ya fi ƙarfin gida, ke kika ruga bakin hanya kika tare motar da ta ɗauko buhuna, kika tsaya a gabanta har direban ya yarda ya kai mai jego asibitin Rijau. Ta ce uwa da 'ya suna nan ƙalau. An raɗa wa jaririyar Hauwa'u, amma duk rugar Alheri ake ce mata.

Ta ga na saki baki. Ta ce, "Ba ta gaya miki ba?"

Na ce, "Yarinyar ba ta da surutu."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, babanta ta biyo."

Alheri, ban taɓa jin daɗi da kunya sun haɗu mini a lokaci ɗaya kamar ranar nan ba. Daɗi, don ashe can inda idona bai kai ba Allah yana ta aikinsa a kanki, aikin da ya fi duk abin da na roƙa. Ni sauro nake ce masa ya kore miki, shi kuwa rai biyu ya sa a hannunki. Kunya kuma, don ruga ta sani, ƙauye ya sani, direban buhuna ya sani, uwarki ce ta ƙarshe. Ki tafi da wannan wurin aikinki: mai naƙuda ba a tambayar ta addininta ko yarenta. Kaka da Inna Dije sun yi maƙwabtaka tun kafin a yi mini aure, wannan da cocinta, wannan da sallarta, ba wadda ta taɓa rufe wa wata ƙofa.

Da kika dawo daga makaranta kika ga ƙwaryar a kan tebur, kika gane zanen da ke jikinta. Kika dube ni, na dube ki.

To ga inda Shaiɗan ya canza riga. Ranar Lahadi akwai lokacin shaida, kuma kin san uwarki da shaida. In na fita gaba, Fasto yakan gyara zama ya cire agogo. Na ce ai wannan ba tonon asiri ba ne, abin alheri ne, ɗaukaka ce ga Ubangiji. Tun Asabar na shirya: waƙar da zan fara da ita, inda zan tsaya a ce Halleluya, yadda zan kwaikwayi Kaka a cikin baro. Har da uwar mai jita na tuna, na ce bari ta ji irin 'yar da na haifa. Kin ga ɗaukakar Ubangiji ke nan!

Lokaci ya yi na miƙe da waƙa, mata suka buga tulu, suka kaɗa caki, na taka rawa har gaban bagade. Na juyo na fuskanci jama'a, na ce, "Yabo ga Ubangiji!" Aka amsa, "Halleluya!" Sai idona ya faɗa kanki can a bencin baya. Kin sunkuyar da kai, kin riƙe bakin benci da hannu biyu, kina jiran abin da kika san zai zo. Irin zaman da kika yi waccan Lahadin sak. A take na ji a raina cewa labarin nan ba nawa ba ne. Naki ne da Allah, kuma ba ki ba ni shi ba tukuna.

Na sake cewa, "Yabo ga Ubangiji!" don in sami abin riƙewa. Aka sake amsawa. Na ce, "Na gode wa Allah da ya tashe ni lafiya." Coci ya yi tsit, ana jira in shiga zance. Na ce, "Shi ke nan." Na koma na zauna. Fasto ya dubi agogonsa, ya dube ni, ya sake duban agogon. Maman Bitrus ta matso ta ce, "Ke, lafiya kuwa? Ko haƙori ne?"

Riƙe maganar nan ya fi mini haihuwa wuya, kada ki yi dariya. Mata su cika ƙofar gida da robobin wake, kowa tana yabon nata ɗan, ni ga abin faɗa har wuya amma ba dama. Sai in ƙara wa inji wuta, in sunkuya kamar ina duba ruwan markaɗe, in gaya wa Allah labarin da Dukanci tun daga baro har asibiti. Shi kaɗai ya ji shaidar nan, kuma ya ji ta sau ba adadi. Ban ga alamar ya gaji ba.

Ke kuma kina lura, na sani. Kina jiran ki ji ta ɓulla daga bakin wata. Sati ya wuce, wata ya wuce, ba ta ɓulla ba. Sai wata yamma muna wanke injin, ke kina zuba ruwa ni ina gogewa, kika ce ba tare da kin dube ni ba, "Mama, kin san tsakiyar kan jariri yana motsi?" Na haifi huɗu, amma na ce, "Allah?" Shi ke nan, kika ɓalle. Kika gaya mini yadda kika zagaya bayan bukka kika yi amai sa'an nan kika yi kuka, yadda kika ji da jaririyar ta kama yatsanki. Kika ce aikin ungozoma kike so ki koya, na asibiti, don kada wata ta sake jiran motar buhuna. Ni kuwa na toshe bakina da tafin hannu, da gaske, hannu duk kumfa, don kada in katse ki. Da kika gama na ce ki yafe mini. Kika ce, "Tun a coci na yafe." Ranar tuwo ya ƙone, ba wanda ya yi ƙorafi.

Abin da na koya a nan shi ne, in ka ɓata amana, rantsuwa ba ta gyara ta, sai an gan ka da damar maimaitawa ka ƙi. Ke ma za ki ɓata wa wani, don 'yata ce ke. In hakan ta faru kada ki cika shi da bayani, ki ba da haƙuri, ki canza, ki jira.

Yanzu ga ki za ki Minna, kuma kada ki ɗauka tsohuwar Maman Alheri ta mutu. Tana nan da ranta. Makon nan Maman Bitrus ta ce tana da ƙanwa a can, mace mai tsoron Allah, "za ta sa miki ido a kanta, ko tari ta yi za ki ji." Har na ji miyau ya tsinke mini. Na karɓi lambar, amma ban kira ba. Ga ta nan na rubuta a bayan takardar nan. Matar ba ta san kina zuwa ba. In kin so gidan da za ki ci tuwon gida ranar Lahadi, ki neme ta, in ba ki so ba, ba wanda zai tambaye ki.

Ki nemi ikilisiya da kanki, ki zauna sahun da kika ga dama, amma in sun nemi mawaƙa, don Allah ki ɗaga hannu, muryar nan ba ta ajiya ba ce. Ki karanta Maganar Allah ko ba mai tashin ki. Kada ki yi tafiya in rana ta yi sanyi, gara ki kwana ki kama hanya da safe. Ki ci abinci, ba biskit ba. Za ki yi kuskure, wannan ba shakka, kuma wanda ya ɗauke nawa zai ɗauke naki. In abin ya yi nauyi ki kira ni tun yana ƙarami. Na yi alkawari zan ji har ƙarshe kafin in yi ihu. Ba zan riƙa kiran ki safe da yamma ba. In kuwa na kasa, kika ga kirana ya yi yawa, ki ce mini "Mama" da irin muryar nan taki, zan gane.

Saura abu ɗaya. Maganar da kika gaya mini ranar Laraba ina yi miki kitso, wadda kika ce ba ki gama sanin kanta ba tukuna, tana nan inda kika ajiye ta. Ko a takardar nan ba zan rubuta ta ba. Babanki ya ga muna dariya ya tambaye ni, na ce ya tambaye ki. Washegari na je zumunta. Da aka zo roƙon addu'a, Uwar Zumunta ta ga ban motsa ba, ta ce, "Maman Alheri, 'yarki za ta bar gida, ba ki da abin da za mu roƙa mata?" Duk suka juyo. Na miƙe na ce, "Ku roƙa mata sauka lafiya."

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan. Sauran na riga na kai."

Ki tafi, 'yata, na sake ki da farin ciki. Ubangiji ya shiga gabanki ya tsaya a bayanki. Ya tsare ki a mota da a ƙasa, a aji da a ɗakin haihuwa. Ya sa albarka a hannuwan nan naki, duk jaririn da ya faɗo cikinsu ya rayu, uwarsa ta tashi. Ya ba ki abokai na gari da barci mai daɗi, ya dawo mana da ke lafiya da labari cike da baki. Zan jira har ki ba ni da kanki. Cikin sunan Yesu, amin.

Ni ce mamanki,
Ladi